Kafin a ɗaure kaya: kwana nawa ne hutun ma'aikaci a ƙasar waje?

Wanda zai tafi aiki ƙasar waje yakan tambayi albashi, da kuɗin haya, da sanyin gari. Ba safai yake tambayar kwana nawa za a ba shi ya zo ya ga iyayensa ba. Amsar kuwa ta sha bamban daga ƙasa zuwa ƙasa: sati 5 a Faransa, sati 3 a Saudiya, kwana 6 a dokar Nijeriya, a Amurka kuwa dokar tarayya ba ta yanka ko kwana guda ba.

Tafiya neman arziki ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun kaka da kakanni, da an gama girbi an cika rumbu, samarin Adar su kan kama hanyar kurmi, na Damagaram da na Katsinar Maraɗi su nufi Kano, wasu su haura arewa. Sai dai tafiyar cin rani tana da wa'adinta wanda ba mutum ya sa ba: da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya san lokacin komawa gona ya yi. Damina ce ke maido da miji wurin matarsa, ta maido da ɗa gaban mahaifinsa, ba tare da an nemi izinin kowa ba.

Tafiyar yau ba haka take ba. Malamin makaranta da ya samu aiki a Kanada, da likitan da ya zauna a Faransa bayan karatu, da direban da aka ɗauka a Jidda, da ɗan alhajin kasuwa da ke aikin masana'anta a Girinsboro, babu wanda hadarin gabas zai sallama a cikinsu. Ranar dawowarsu tana rubuce cikin doka da cikin kwantaragi, kuma da yawa ba su karanta wurin ba sai ranar da aka buga waya daga gida aka ce tsoho yana kwance.

Abin da ake bari a gida

Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na hutu da albashi a kan kowane wata da ya yi yana aiki, watau kwana 30 a shekara. Shi ne abin da ma'aikata ke kira kwanje. Aikin sati awa 40 ne, mace mai ciki kuwa tana da sati 14 na haihuwa. Ban da wannan, ranakun Sallar azumi da ta layya da Mauludi ranakun hutu ne na ƙasa baki ɗaya, ranar Juma'a kuma ana tashi daga biro kafin a hau masallaci.

Akwai kuma wani hutun da ba a rubuta a kowace doka ba, kuma shi ne mutum ya fi kewa idan ya yi nisa. In aka yi rasuwa a unguwa, ma'aikaci ya kan leƙa ya gaya wa shugabansa, ya tafi jana'iza ya dawo, babu mai ƙirga masa awa. Suna da ɗaurin aure da dubiyar marar lafiya duk haka ake yi da su. Ɗan kasuwa ya bar yaro a shago ya tafi gaisuwa Tasawa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsarin aiki a nan ya bar wa ƙafa hanya.

Hutun da ke cikin doka ma ba kyauta aka same shi ba. A Faransa, sai a 1936, zamanin gomnatin Leyon Bulum, aka fara ba ma'aikata sati 2 na hutu da albashi, kuma dokar ba ta ƙetaro teku ta iso ga ma'aikatan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ba. Sai da ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma suka yi yajin aiki na fiye da wata biyar, daga Oktoba 1947 zuwa Maris 1948, aka kuma yi yajin gama-gari ranar 3 ga Nuwamba 1952, sannan Faransa ta kafa dokar aiki ta ƙasashen ƙetare a watan Disamba na 1952. A Nijar, Jibo Bakari yana cikin shugabannin ƙwadago na wancan zamani. A lokacin, Baturen da aka kawo aiki Yamai ko Damagaram yana da dogon hutu da kuɗin jirgi zuwa garinsu, saboda an yarda cewa wanda ya bar ƙasarsa yana bukatar ya riƙa komawa. Yau ɗan Nijar ne baƙo a ƙasar wasu, amma wannan gata ba ya samunsa sai in ya nema an rubuta masa.

Kwana 30 ba ɗaya ba ne ko'ina

Ɗan kasuwa ba ya sayen hatsi sai ya ga tiyar da za a auna masa. Haka ya kamata a yi da kwanakin hutu, don kowace ƙasa da ma'auninta. Kwana 30 na Nijar ana ƙirga su har da Asabar da Lahadi, sun kama sati 4 da kwana 2. Kwana 30 na Faransa ana ƙirga su daga Litinin zuwa Asabar, ban da Lahadi, sun kama sati 5 cif. Kwana 30 na ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya kuwa ranakun aiki ne zalla, Litinin zuwa Juma'a, sun kama sati 6. Lamba guda, ma'auni uku.

Faransa ta kai sati 5 ne a hankali: sati 3 a 1956, sati 4 a 1969, sati 5 a 1982. Daga shekara ta 2000 aikin sati ya koma awa 35 a manyan kamfanoni, ƙanana suka biyo baya. A ƙa'ida, ma'aikaci ba ya ɗaukar fiye da sati 4 a jere, na biyar sai a wani lokaci. Amma dokar ta buɗe ƙofa ga wanda garinsu ke da nisa: yana iya neman a haɗa masa sati biyar ɗin gaba ɗaya. Baƙi da yawa ba su san da wannan ba. Wani abin da ba a sani ba kuma shi ne, ko wanda aka ɗauka aiki ba shi da takardun zama, dokar aikin Faransa ta ce a game da awoyin aiki da hutu da kwanje, daidai yake da kowane ma'aikaci. Tsoron kora ne ke hana shi nema, ba rashin haƙƙi ba.

A duk ƙasashen Tarayyar Turai, wata doka ta 2003 ta hana hutun shekara ya gaza sati 4, ta kuma hana aikin sati ya wuce awa 48 idan an daidaita lissafi. Jamus ta tsaya kan sati 4 a doka, amma yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago da masu kamfanoni ta kan kai shi kusan sati 6. Ingila, wadda ta fita daga Tarayyar, tana ba da kwana 28 na aiki, har da ranakun bukukuwan ƙasa a ciki. Beljiyam, inda ƴan Nijar suke da dama, tana da nata tarko: hutun bana da aikin bara ake sayensa. Wanda ya fara aiki a Burusel a watan Janairu, a ƙa'ida bai tara kome ba a wannan shekara. Tun 2012 an yarda ya ɗauki wasu kwanaki bayan wata uku na aiki, amma kuɗinsu bashi ne da za a cire daga kuɗin hutun baɗi.

Turai tana ba da kwanaki, amma ba ta san Salla ba. Faransa na da ranakun hutu 11 a shekara, babu ta musulmi ko guda a ciki. Ma'aikacin gomnati yana iya neman izinin fashi ranar Idi, na kamfani kuwa sai ya cire daga kwanjensa, in ubangida ya yarda. In uwa ko uba ya rasu, doka ta ba da kwana 3. A ƙasar da ake binne mamaci a ranar da ya cika, kwana 3 ba sa kai ɗa ga jana'iza. Iyakarsu su kai shi zaman makoki, in ya samu jirgi.

Amurka: dala da yawa, lokaci kaɗan

Tun daga 1995, da aka fara ba da takardar zama ta hanyar ƙuri'a, ƴan Nijar suka ƙaru a Amurka, musamman a Niyok da Girinsboro ta jihar Karolina ta Arewa. Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne, a ƙasa mai wannan arziki, babu dokar tarayya da ta tilasta wa mai kamfani ya ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. Ba ta tilasta biyan ranakun bukukuwa ba, ba ta tilasta hutun rasuwa ba. Abin da mutum ya samu, kamfani ne ya ga dama, ko ƙungiyar ƙwadago ta ƙwato, ko wata jiha ta yi tata dokar. A kamfanonin da ke bayarwa, abin da aka saba shi ne wajen sati 2 bayan shekara guda ta aiki.

Dokar 1938 ta ce duk awar da ta haura 40 a sati, a biya ta ninki ɗaya da rabi. Nan ne baƙo ke ganin riba, nan ne kuma lokacinsa ke tafiya: aiki biyu, ɗaya da rana ɗaya da dare, har Asabar da Lahadi. Dokar 1993 ta ba da sati 12 don haihuwa ko jinyar uwa, uba, ɗa ko abokin aure, amma babu albashi, kuma sai a kamfani mai ma'aikata 50 zuwa sama, ga wanda ya cika wata 12 da awa 1250 yana aiki a wurin. Mai tuƙin tasi da mai kai saƙon abinci, waɗanda galibi ake ɗauka a matsayin masu zaman kansu, ba sa cikin ko ɗaya daga waɗannan dokoki. Ranar da suka ajiye mota, ranar kuɗi ya tsaya, haya kuwa ba ta tsayawa.

A ɗauki misalin mutumin Damagaram da ke da sati 2. Daga Niyok zuwa Yamai babu jirgi kai tsaye, sai an sauka wani gari an sake, abin da ke cin kwana guda ko fiye. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota. In ƙauyensu yana bayan Matamai ko Magarya, da sauran tafiya. Zuwa da komawa sun cinye kwana huɗu ko biyar. Abin da ya rage, kwana tara ko goma, shi za a raba tsakanin uwa, da mata, da ƴaƴan da suka girma a bayan idonsa, da gaisuwar duk rasuwar da aka yi tun tafiyarsa. Shi ya sa wasu suke haɗa shekara uku ko huɗu ba su zo ba, wasu kuma su ajiye aikin ɗungum, su zo su yi wata uku, su koma neman sabo. Wannan ma yana da iyaka: mai takardar zama ta Amurka da ya wuce shekara guda a waje ba tare da izinin komawa ba yana iya rasa ta, wanda ya wuce wata shida kuma yana iya ɓata lissafin shekarunsa na neman zama ɗan ƙasa.

Kanada tana tsakanin Turai da Amurka. A jihar Kebek, inda masu jin Faransanci suka fi nufa, sati 2 ne bayan shekara guda, sati 3 bayan shekara uku a wurin ubangida guda.

Ƙasashen Larabawa da maƙwabta

A kan takarda, dokar aikin Saudiya ta fi kowace kusa da rayuwar musulmi. Hutun shekara kwana 21 ne, ya koma 30 bayan shekara biyar a wurin ubangida guda. Aikin sati awa 48 ne, amma cikin azumi ya kan sauka zuwa 36 ga musulmi. Kowace Salla tana da kwana 4. Rasuwar uwa, uba, ɗa ko abokin aure tana da kwana 5. Wanda ya shekara biyu yana aiki kuma bai taɓa sauke farali ba, yana da kwana 10 zuwa 15 na aikin Haji da albashinsa, sau ɗaya. Matar da mijinta ya rasu tana da wata huɗu da kwana goma na takaba. In kwantaragi ya ƙare, kuɗin jirgin komawa gida yana wuyan ubangida.

Amma masu aikin gida, da direbobin gida, da makiyaya, ba sa ƙarƙashin wannan doka, kuma nan ne yawancin mutanen ƙasar nan suke faɗawa. Mai aikin gida tana da ƙa'ida ta daban: rana guda a sati, wata guda bayan shekara biyu. A watan Maris na 2021 Saudiya ta sassauta tsarin kafala, ta yarda ma'aikacin kamfani ya fita ƙasar ya dawo ba sai da yardar kafili ba, amma sassaucin bai haɗa da masu aikin gida ba. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasar, kuma ana yi. Hutun da fasfonsa ke cikin akwatin wani, sunansa kawai hutu.

A maƙwabta, dokar Nijeriya ta tsaya kan kwana 6 na aiki bayan wata 12, ko da yake gomnati da bankuna da manyan kamfanoni suna ba da fiye da haka nesa ba kusa ba. Gana tana ba da kwana 15 na aiki. Kodibuwar tana ba da kwana 2,2 a kowane wata, Aljeriya kwana biyu da rabi. Sai dai waɗannan lambobi na mai kwantaragi ne. Mai gadi a Legas, da mai tallan shayi a Abijan, da lebura a Sabha ko Tamanrasat, babu takarda tsakaninsu da kowa. Hutunsu shi ne ranar da suka yanke shawarar komawa gida da abin da suka tara.

Ma'aikacin gomnati da ɗan kasuwa

Ma'aikacin gomnati da ya samu aiki a waje yana da ƙofa biyu ta fita, kuma ba wuri guda suke kaiwa ba. In an ba da aronsa ga wata hukuma ta ƙasa da ƙasa, abin da ake kira détachement, matsayinsa yana ci gaba da hawa, shekarunsa na fansho suna ci gaba da ƙirguwa muddin ana zuba kuɗin. In kuwa jingine aiki ya nema, watau disponibilité, albashi da ƙarin girma da lissafin fansho duk sun tsaya sai ya dawo. Akwai ƙofa ta uku wadda wasu ke bi: su ɗauki kwanjen kwana 30, su shiga jirgi, su yi shiru. Wannan a doka gudun aiki ne, ƙarshensa kora, kuma wanda bai dace a can ba ya kan dawo ya tarar babu kujera, babu shekarun da ya tara.

Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya su ne suka riƙe tsohon gatan nan na baƙo: ban da sati 6, ma'aikacin da aka ɗauka daga wata ƙasa ana biya masa jirgi da iyalinsa zuwa gida duk bayan shekara biyu, a wuraren aiki masu wahala kuma duk shekara. Nijar da Faransa sun sa hannu kan yarjejeniyar kare haƙƙin ma'aikata ta fuskar fansho da makamantansa a 1973. Mai shirin tafiya ya kamata ya biya ta CNSS ya ji matsayin shekarun da ya riga ya zuba, ya kuma adana kowace takardar albashi, ta nan da ta can.

Ɗan kasuwa shi ba ya da kwanje, kansa yake ba hutu, amma maganar ta shafe shi ta wata fuska. Shi ne ke biyan kuɗin jirgin ɗa ko ƙane, shi ne kuma ke zama a shago yana lissafi: euro guda kusan sefa 656, albashin wata kaza, a shekara kaza. Lissafin daidai ne, amma bai cika ba. Ba a sa kuɗin tikitin zuwa gida ba, wanda ke tashi daidai lokacin da kowa ke son tafiya. Ba a sa nisan hanya ba: tun da Air France ta dakatar da zuwa Yamai a watan Agusta na 2023, matafiya da yawa suka koma bi ta Kazablanka ko Istambul. Ba a kuma sa amaryar da aka ɗaura wa aure aka bari a ɗakin uwar miji tana ƙirga watanni ba.

Tambayoyin da ake yi kafin sa hannu

Matambayi ba ya ɓata. Kafin mutum ya sa hannu, ya kamata ya ji amsar waɗannan, kuma ya gan su a rubuce: kwana nawa ne hutun, kuma da wane ma'auni, ranakun aiki ko har da Lahadi? Daga yaushe ake fara ɗauka? Ana iya haɗa na shekara biyu, ko wanda ba a ci ba ya ƙone? Wa ke biyan jirgi? In an yi rasuwa a gida, kwana nawa ake bayarwa, kuma ana iya ƙarawa ba albashi ba tare da an rasa aikin ba? Awa nawa ne a sati, kuma nawa ake biyan ƙari? Wata nawa mutum zai iya yi a gida takardar zamansa ba ta mutu ba? Dokar wace ƙasa ce ke hukunta kwantaragin? A mafi yawan lokaci dokar inda ake aikin ce, ba ta inda aka haifi ma'aikaci ba, saboda haka kwana 30 na Nijar ba sa shiga jirgi tare da shi.

Hukumar ƙwadago ta duniya, OIT, ta tsayar a yarjejeniyarta mai lamba 132 ta 1970 cewa hutun shekara kada ya gaza sati 3. Ƙasashe da yawa ba su sa hannu a kanta ba, amma ta isa ma'auni ga mai ciniki: abin da ya gaza haka, an taye shi da araha.

A gidaje da yawa na Tawa da Maraɗi da Damagaram an ga amfanin tafiya: an yi ginin siminti, an kai tsofaffi Makka, ƙanne sun yi karatu. A gidajen nan kuma akwai wayar da ake ajiyewa kusa da shimfiɗar tsohuwa, don in ɗanta ya tashi daga aiki, ƙarfe biyun dare agogon nan, ya ji muryarta. Kuɗi yana isowa cikin minti kaɗan. Mai kuɗin kuwa sai ranar da kwantaragi ya ce.